Shokazobar Suruki

Har in bar sana'ar nan ba zan manta da ranar da Injiniya Nura ya kawo jar motarsa mai ƙofa biyu garejinmu ba. Lokacin ni ne babban bakanike a ɓangaren ƙafar mota. Ku sababbin shiga, ku buɗe kunne.

Motar ta gudu ce, cikinta dab da ƙasa, an ƙera ta don titin da ba mu da irinsa a Bauchi. Na danna kowace kusurwa na saki, sai ta yi ta rawa. Shokazoba, wato ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, duk huɗun sun zubar da mai. Ƙa'idar aiki kuwa, na gaba da na baya dole tsayinsu da taurinsu su dace da juna.

Injiniya ya yi odar na tsere daga Legas, gajeru masu tauri. Na gaba suka iso, na baya suka maƙale a hanya. Ana nan sai surukinsa, Alhaji Bappa mai sayar da kayan mota, ya ji labari. Ya aiko da na baya guda biyu kyauta, har da sifirin ɗinsu, ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo. Na buɗe kwali, na ce innalillahi! Na a-kori-kura ne, irin wadda ke ɗauko buhunan masara daga ƙauye.

Na ce, "Injiniya, wannan ba na motarka ba ne."

Ya ce, "Oga Sale, na sani. Amma in Baba ya leƙa ƙasa bai ga nasa ba, da wane ido zan dube shi? Ka yi dabara."

Mutum da digirinsa, mai yi wa leburori tsawa, ga shi yana gumi saboda kwali. Muka yanka, muka yi walda, muka ɗaura. Mota ta fito hanci a ƙasa, gindi a sama, kamar akuya na cin dusa.

Ranar Juma'a ya je Ƙofar Wambai ɗaukar Alhaji zuwa masallaci. Kun san tudun da mutanen unguwa ke ginawa a lungu don 'yan acaɓa su rage gudu. Hancin mota ya dake shi, bambar gaba ta tsage, man inji ya tsiyaye. Aka kira ni. Na tarar da jama'a sun yi da'ira, Alhaji na tsaye da babbar riga da darduma a kafaɗa.

Ya durƙusa ya leƙa, ya ga kayan shagonsa sarai. Ya miƙe ya ce, "Nura, wane jakin bakanike ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya nuna ni da ɗan yatsa. Wallahi raina ya ɓaci. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina, in kunyata su duka a gaban unguwa. Na dubi suruki, na dubi mijin 'ya, na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kuskure ne."

Wata guda ana kirana Sale Mai Akuya, kwastomomi na wuce ni. Injiniya da surukinsa kuwa sun ci tuwonsu tare lafiya lau.

To, ku sani, a sana'ar nan ba a ƙarƙashin mota kaɗai ake ɗaura shokazoba ba. In manya biyu za su yi karo, bakanike ake sakawa a tsakani. Kuma ran da ka zubar da mai, ba mai gyara ka, canza ka za a yi.