Wutar da Ba Ta da Lagwani

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Mama daga Kagoma na kawo ta Kafanchan, inda nake akawu a tashar jirgin ƙasa. Na sa mata dogon ƙwan lantarki a ɗaki, farin nan mai kashe ido, ina jiran a sa mini albarka.

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Wannan wuta naka, ina lagwaninsa?"

Na yi dariya irin ta wanda ya yi boko. Ita ba ta yi ba. A gida, in an gama addu'ar yamma, Baba ne ke rage lagwanin fitila, ta haka ta san yini ya ƙare. Ta ce in wutar ba ta raguwa, ranar kasuwa za ta koma ƙauye. Tsoro ya kama ni, don ba kowa a can sai kabarin Baba.

Na sayo makunni mai murɗawa na rage haske, na kira mai gyaran wutar unguwarmu. Ya jujjuya shi ya ce, "Oga, ba zai yi ba. Ƙaramin ƙwai waya ne a ciki, ka rage wuta ya yi ja. Wannan dogo iska ne a ciki, sai an ba shi wuta cikakke ya kama. Ka rage masa, ya yi fushi."

Na tuna masa wanda ya gama sakandare a cikinmu. Ya haɗa, ya tafi abinsa.

Da yamma muka ce amin, na murɗa makunnin a hankali yadda Baba ke yi. Ƙwan ya hau ƙifta ido yana kuka kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani, bakinsa biyu suka yi baƙi, ya mutu. Na murɗo makunnin baya, ƙwan ya farfaɗo da haskensa duka, ko kunya babu.

Mama ta jawo ƙunshin kayanta. Na ɗauka ɗaurewa za ta yi ta tafi. Ashe kwancewa take. Ta fito da tsohuwar fitilar Baba, ta miƙo mini.

"Kashe naka. Kunna wannan, ka rage. Yanzu aikinka ne."

Shekara shida maƙwabta suna zaton an yanke mana wuta. Ban taɓa gyara musu zancen ba.