Geron Cikin Ƙwarya

Har yau idan na tuna abin da Yaya Lawali ya yi mana, sai in ji abinci ya fita raina. Amma bari in fara da Kaka Ige, don ita ta riga kowa faɗa.

Muna yara a Ɗan Isa, da an gama tuwon magariba sai mu kewaye murhunta. Tsohuwar nan ba ta da haƙuri ko na anini, wanda ya yi surutu muciya ce ke amsa masa. Sai ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso, tatsuniya ta iso, ba ta jiran kowa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta baƙo mai ƙwarya. Wai ya zo wani gari ana dab da faɗuwar damina. Duk wanda ya leƙa ƙwaryarsa zai ga gona shar, zangarnun gero suna tasowa har su kusa taɓa masa hanci. Gari ya rikice. Baƙo ya ce shi ba ya son kuɗi, irin shuka yake so. Suka kwashe iri kaf daga rumbuna suka ba shi, ya bar musu ƙwarya, ya kora jakunansa ya yi gaba. Ruwa ya sauka, ciyawa ta cinye gonaki, su kuwa suna layi suna leƙen ƙwarya.

A nan Kaka kan tsaya ta harare mu ɗaya bayan ɗaya. "To, mi suka ci?" Mu ce ba mu sani ba. Ta ce, "Ido ya ci. Ciki ko oho." Yaya Lawali ya fi kowa dariya, har kwantawa yake yi.

Bara shi ɗin nan ya sayar da gonar Kaka, wadda mahaifiyarmu Inna ke ci daga cikinta tun rasuwar Baba. Bai shawarci kowa ba. Ina makarantar da nake koyarwa a Shinkafi labari ya iske ni. Wai gidan kallo zai buɗe a Kaura, ya sayo wata talabijin mai fito da hoto waje kamar ka kama, ba sai ka sa tabarau ba. Na kira shi na wanke shi tas. Ya ce ƙauyanci ke damuna, kafin kaka zai sayi gona biyu. Gona biyu, don Allah ku ji!

Ranar buɗewa ya matsa sai mun zo. Ya zaunar da Inna a tsakiya daidai, don daga gefe hoton rabewa yake yi biyu. Ya kunna, sai ga wata gonar hatsi, zangarnu suna kaɗawa har gaban fuskarmu. Inna ta miƙa hannu yadda ta saba auna nauyin zangarniya, ta damƙo iska. Samari suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta daɗe tana duban tafin hannunta, sannan ta ce a hankali, "Lawali, wannan za mu daka bana?"

Da ina ɗauka Kaka labarin wawayen wani gari take ba mu. Ashe ɗayansu yana zaune kusa da ni a bakin murhu, kwano ɗaya muke ci. Mutanen Kaura sun yi sati biyu suna cika gidan kallon, daga nan suka ce yana sa su jiri, kowa ya koma wayarsa. Gonar Kaka kuwa wani ya shuka ta, geron ya yi kyau har ana labarinsa. Inna ta bi ta gefenta ranar da za ta awo a Kasuwar Daji, ba ta ko waiwaya ba.