Hannun Baba Ƙato

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1954, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa makaniken jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma. Tun yana firamare yara suka laƙaba masa Ƙato saboda girman hannunsa, sunan kuwa ya bi shi har tsufa. Ya gama sakandare a 1973, sannan ya shiga jami'a, inda ya fito da digirin likitan dabbobi a 1980.

Aiki da Iyali

A 1981 ya kama aiki a sashen kula da dabbobi na gwamnati, ya shekara goma sha shida tsakanin shanu da tumaki. Ya yi aure a 1983, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. A wancan lokaci duk garin babu likita ko ɗaya da ya iya yi wa kare ko kyanwa tiyata, don haka dabbar da ta karye allurar mutuwa kawai ake yi mata. A 1996 wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta kawo masa karenta da mota ta buge, wanda shi kaɗai ne abokin zamanta. Ya duba ƙugun, ya ga karaya ce mai gyaruwa a hannun wanda ya iya, shi kuwa bai iya ba. Da hannunsa ya yi wa karen allurar. Tsohuwar ta yi masa godiya, wannan godiya kuwa ta daɗe tana ci masa rai.

Komawa Ɗalibta

A 1997, yana da shekara arba'in da uku, ya ajiye aiki ya tafi asibitin koyarwa na dabbobi don koyon tiyata. Ya yi shekara guda yana zagaya sassa, sannan shekara uku a ɗakin tiyata ƙarƙashin wata malama da ya girme ta. Ya koyi sa barci, da karanta hoton ƙashi, da ɗaura ƙarfe a karaya. Abin da ya gagare shi shi ne ɗinki. Hannun da ya saba da fatar shanu, in ya ja zare a hanjin kyanwa sai ya yage. Malamar takan ce, “Yaya, sassauta mana, ba bakin buhu kake ɗaurewa ba, ba kuma bijimi ne a gabanka ba.”

Sau biyu ya faɗi jarrabawar ƙwarewa, alhali sau uku kawai ake yarda mutum ya zauna. Ya dawo gida ya riƙa kwashe hanjin duk kazar da aka yanka, yana ɗinkawa a kan faranti. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan leƙo ta ce, “Malam, hanjin nan tukunya zai shiga, ko kuwa an ba shi gado?” A 2003 ya zauna karo na ƙarshe, Allah ya ba shi sa'a.

Ɗakin Tiyata

A 2004 ya buɗe ɗakin tiyata a bayan wani kantin magani: tebur ɗaya na ƙarfe, da fitila mai dogon wuya, da tukunyar dafa kayan aiki. Daga nan aka daina kashe dabba a garin saboda karaya. Gidaje da yawa ba za su manta da shi ba.

A 2016 hannunsa ya fara rawa, ya ajiye wuƙa da kansa tun kafin ya yi wa kowa ɓarna. Tsoronsa shi ne a rufe ɗakin, a koma gidan jiya. Sai ya nemi izinin horarwa, ya ɗauki wata matashiyar likita, wadda aka riƙa kira Ƙaramar Likita. Ƙa'ida ita ce ba a lissafa mata tiyata cikin horonta sai ƙwararre yana wurin, don haka yakan tsaya a bayanta, hannuwansa cikin aljihu. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, a keken marasa lafiya ake kawo shi. Inna ta ce ya huta, ya ce, “Bari yarinyar nan ta gama tukuna.” Ta ci jarrabawarta a farkon 2021, a zama ɗaya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuni na 2021, yana da shekara sittin da bakwai, aka yi jana'izarsa da hantsi a maƙabartar garin. Da la'asar aka kawo wata kyanwa da ta faɗo daga bene. Ƙaramar Likita ta tashi daga wurin zaman makoki, ta je ta wanke hannu ta yi aikin, kyanwar kuwa ta taka da ƙafarta.

Ya bar Inna da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, malamin makaranta, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, direban babbar mota, sai auta, wadda take jami'a. Allah ya jiƙansa, ya saka masa da alheri.