Bakin Algaitar Oga

Har yau idan na ga mace tana goge tukunya da toka da yashi sai in ji raina ya ɓaci, alhali matar ba ta yi mini komai ba. Laifin na yayan maigidana ne, wanda muke kira Hamma. Ya daɗe da rasuwa, na kuma yi masa addu'a kamar kowa, amma wannan abu ɗaya ban yafe ba.

Maigidana tela ne a kasuwar Jimeta, ranar Asabar kuma yana busa a wani otal kusa da bakin kogi. Abin busar sunansa saksofon, mu dai algaitar Turawa muke cewa. Wanda ya koya masa wani ɗan ƙabilar Ibo ne mai gyaran agogo, rumfarsa na jikin tamu, kowa Oga yake ce masa. Algaitar ta mai otal ce, a can take kwana. Bakinta kuwa, wato ɗan baƙin abin da ake cirewa a sa a aljihu, kowane mabushi da nasa. Na Oga baƙi ne wuluk, na roba mai tauri, kuma a samansa akwai 'yan ramuka biyu inda haƙoransa suka ci wurin saboda shekarun busa.

Shekarar da aka yi tashin hankali mutanen Gabas suka bar gari, Oga ya zo ƙofar gidanmu da rana tsaka, ko zama bai yi ba. Ya danƙa wa maigidana bakin nan a ƙunshe cikin hankici, ya ce ya yi ta busa da shi kada ya bushe da kewa, in ya dawo zai karɓa. Sai ya juyo gare ni, don ya san wa ke wanke-wanke a gidan, ya yi mini bayani da Hausarsa mai mayar da mace namiji. Ruwan randa kawai, da ɗan sabulun wanka. Kada ruwan zafi ya taɓa shi, kada a shanya a rana, kada a kankare da komai.

Haka na riƙe shi duk tsawon yaƙin basasa. Ranar Lahadi da hantsi nakan kwance zoben ƙarfen da ke jikinsa, in zare ɗan ɓallin gorar da ke ba da sauti in ajiye gefe. In yayyago tsohon ɗankwali mai laushi, in ɗaura masa zare, in zura ta ciki in ja a hankali. Idan farin dattin yawu ya daskare a ciki, sai in jiƙa auduga da ruwan lemun tsami in kwantar a wurin har ya yi laushi da kansa. Leɓensa siriri ne kamar ɓawon ƙwai, ko a kan faranti ba na yarda in aje shi sai na shimfiɗa ƙyalle. Maƙwabta suna yi mini tsiya wai ko jaririna ban yi wa irin wannan wanka ba. Ban musa ba, jariri in ya ji zafi ai yana kuka.

Hamma kuwa ɗan kasuwa ne a Adarawo, cikin Yola, mai tasbaha da yawan magana a kan abin da bai sani ba. Tun can busar ƙaninsa tana tsaya masa a wuya. Da maigidana ya kwanta da wani tari mai naci, sai ga shi ya hawo keke ya zo dubiya, daga gaisuwa ya yanke hukunci: cutar daga bakin nan take. Wai abin da ya shekara cikin bakin mai shan giya, wanda ba ya salla, yaya za a yi Musulmi ya riƙa tsotsa ba a tsarkake ba? A gidansu haka ake yi wa duk kwanon da aka saya hannun wanda ba Musulmi ba, a tafasa shi, a goge da toka da yashin Binuwai, sannan a ci abinci a ciki.

Matar ƙani ba ta jayayya da yayan miji, wannan kowa ya sani. Ni kuwa na yi jayayya. Daga bayan labule na ce masa mai abin ya hana ruwan zafi, kuma amana ce, ba namu ba ne. Ko kallon labulen bai yi ba. Ya ce wa ƙaninsa, kamar ba ni a gidan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maigidana yana kwance yana haki. Bai taɓa ce wa Hamma a'a ba tun suna yara, ba kuma ranar zai fara ba.

Na ƙi hura wutar. Hamma ya hura da kansa, mutumin da ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba. A tukunyar miyata ya jefa bakin, ya bar shi yana tafasa, gidan ya cika da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya tsamo, baƙin nan ya koma kore-kore kamar gansakuka. Maimakon ya tsorata sai ya yi murna, ya ce ga dattin nan ya fito fili. Ya tsuguna ya bi shi da toka da yashi, yana gogewa yana salati, har ramukan haƙoran nan biyu suka shafe. Sannan ya ɗora shi kan katanga a rana, ya wanke hannu, ya ci tuwona ya tafi.

Tarin dai maganin asibiti ne ya kore shi. Bakin kuma ya tashi aiki, leɓen ya lanƙwashe, gorar ba ta kwanciya daidai, in aka busa sai iska ta riƙa zurara ta gefe. Maigidana ya gwada sau ɗaya ya mayar cikin hankici, bai ƙara zuwa otal ba, ko nasa bakin bai ƙara taɓawa ba. Hamma ya yi ta yawo cikin dangi yana cewa shi ya raba ƙaninsa da busar banza. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Bayan yaƙi ya ƙare, lokacin ana ta zancen Maiduguri ce babban birnin jiharmu, Oga ya dawo. Ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Matarsa ta rasu a can Gabas, rumfarsa wani ya shige, ɗakinsa ma haka. Bai yi ƙorafi ba, ya ce ai ya san akwai abu ɗaya nasa da ke nan yadda ya bar shi. Maigidana da ya ji muryarsa sai ya fice ta ƙofar baya, ya bar ni da hankicin.

Oga ya warware, ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa yana laluben inda haƙoransa suke, bai samu ba. Ya sansana. Mutumin da ya san abin nan fiye da tafin hannunsa ba sai an gaya masa me aka yi ba, ko don me aka yi.

Na fara rantsuwa ba ni ba ce, ya ɗaga hannu.

"Uwargida, na sani ba kai ba ne," ya ce. "Ni da mutanen gidan nan kwano ɗaya muka ci shekara da shekaru. Ashe bakina yana da datti haka?"

Na kawo masa ruwa a kofin da muke ba baƙi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a ƙasa bai sha ba.