Rigar Na Goma Sha Ɗaya

A bayan babban ɗakin taro na makarantar akwai wani ɗan ɗaki da aka gina don ajiye karyayyun kujeru. A nan Inna Mai Keke ta shekara ashirin da biyu tana ɗinki. Taga ɗaya ce, sai baƙin keken ɗinki mai feda, da tebur mai ƙafa uku wanda bulo ya tsaya masa a ta huɗu, da wata ƙatuwar adaka ta ƙarfe da makullinta ba ya barin wuyanta. Wandon da ya yage a filin ƙwallo, maɓallin da ya tsinke wajen faɗa, aljihun da gyaɗa ta huda, duk wurinta suke zuwa. Ta san awon yaran makarantar nan fiye da iyayensu. Da ɗan albashin wannan ɗaki take ciyar da kanta da maigidanta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara shida da suka wuce, bakinsa kuwa yana nan garau.

Adakar nan kayan wasan kwaikwayo ne a cikinta. Duk ƙarshen shekara yara suna yin wasa a gaban iyaye, kuma kowace riga da aka taɓa hawa dandamali da ita, hannun Inna ne ya yanka ta. Ba a taɓa buɗe adakar an ga asu ya ci ko zare ɗaya ba, abin da take taƙama da shi ke nan. Sirrin kuwa daga mahaifiyarta ta gado shi. Tsohuwar ba ta watsa kafur a cikin akwati kamar sauran mutane, a cikin kalmasar rigar take tura shi ta ɗinke. Da Inna tana yarinya ta tambaye ta guda nawa ake sawa, sai ta ce, “Ba a ƙirgawa. Ki yi ta sawa har hancinki ya ce ya isa.” Uku ko huɗu, hanci yakan ce ya isa.

To, bara waccan Inna ta yi wani zazzaɓi na mako biyu. Ta warke, ta koma bakin aiki, amma hancinta bai tashi daga jinyar ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ita kanta ba ta yarda ta gaya wa kanta ba. Idan tukunya ta kama, maigidan ne yake ƙwala mata kira daga kan gado.

“Ke! Ko gawayi za mu ci yau?”

“Ina sane da ita,” in ji Inna.

“Kina sane? Maƙwabta ma sun sani tun ɗazu.”

Shekarar da nake ba ku labari, an kawo sabon malami mai kula da wasa, wani siriri da yara suka sa wa suna Malam Zangarniya. Ya ce ya gaji da wasan gyaran hali, bana abin tsoro za a yi. Shi ya rubuta labarin da kansa. Yara goma ne suke gwajin wasan makarantarsu: akwai Mai Ƙararrawa, akwai Sarkin Surutu, akwai Matsoraci da ke ɓuya bayan labule, akwai 'Yar Gaban Aji da ta san amsar komai, da sauransu. Kullum suka jeru za su rusuna wa 'yan kallo, sai a ƙirga a ga su goma sha ɗaya ne. Na ƙarshen nan ba ya magana, ba a ganin fuskarsa, yana tsaye kawai a ƙarshen layi cikin doguwar riga mai ruwan toka. Shi ne Na Goma Sha Ɗaya.

Malam Zangarniya ya kawo wa Inna wani tsohon bargon ulu ya ce ta yi rigar da shi, da hula mai rufe kai har kafaɗa, ninki biyu, da 'yan ƙananan huji wurin ido. Inna ta shafa bargon ta girgiza kai.

“Ɗana, wannan ai abincin asu ka kawo mini.”

“Inna, na san ba za ki bari su ɗanɗana ba.”

Ba ta bari ba kuwa. Ta zauna da ƙullin kafur a cinyarta tana turawa tsakanin ninki biyun hular, tana kai wa hanci tana shinshinawa. Shiru. Ta ƙara. Shiru. Ta ce a ranta, kafur ɗin zamani ma an lalata shi, ba shi da ƙarfi. Ta buɗe wani ƙullin. Sai da ta ga hular ta tsaya da kyau sannan ta ɗinke bakin.

Ranar gwajin farko, yarinyar da aka ba Na Goma Sha Ɗaya ta tsaya a ƙarshen layi da tsakar rana, ɗakin taro a rufe don a yi duhu. Kafin a kai tsakiyar wasa ta zube. Aka cire mata hula, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo tana amai. Aka ce ba ta karya ba ne. Bayan kwana uku aka ba wani ƙaƙƙarfan yaro, mai tsaron gida a ƙwallo. Shi ma ya dafe kai ya durƙusa yana cewa ɗakin yana juyawa.

Daga nan magana ta fita. Yara suka ce rigar tana da wani irin wari mai shiga har ƙwaƙwalwa. Malam Zangarniya ya ce warin adaka ne kawai, ya shanya ta a rana kwana biyu, warin ya ƙaru. Ya sa aka wanke ta, warin yana nan. Yaron da ke fitowa a Sarkin Surutu, wanda da ma ba a banza aka ba shi wannan suna ba, ya rantse ya ga rigar tana motsi a kan igiya ba iska. Mai fitowa a Matsoraci kuwa ya daina zuwa makaranta gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo, labarin ya kai gidaje da kasuwa: fatalwar cikin wasa ta fito da gaske, kuma wa ya ɗinka mata riga? Wa yake zama shi kaɗai a ɗakin bayan dandamali da makulli a wuya?

Yara suka daina kawo gyara. Waɗanda da suke rige-rigen ɗaukar mata jaka, yanzu idan sun hango ta sai su canza hanya. Wata safiya ta tarar an rubuta goma sha ɗaya da alli a ƙofarta. Ta goge da gefen mayafinta.

Da Malam Zangarniya ya zo mata da maganar warin, sai ta ɗauka ƙazanta ake jingina mata.

“Wane wari? Ni da hannuna na wanke bargon nan kafin in sa masa almakashi. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa cewa kayana suna wari ba, sai yau da ka zo da labarin aljanunka?”

Ya ba ta haƙuri ya fita. Amma ya ba wata yarinya rigar, mutum na uku ke nan, don a nuna wa kowa ba komai. Wannan sai da aka kai ta asibiti ta kwana.

Washegari Shugabar makaranta ta kira Inna ofis. Mace ce mai kirki, Inna ta girme ta da kaɗan, kuma ba ta iya kallon idon Inna ba.

“Yaya, iyaye sun taso ni gaba. Jibi za su zo taro. Ni ban yarda da abin da ake faɗa ba, amma yara uku sun faɗi. Idan ba a samu abin da za a gaya musu ba, za ki ba ni makullin ɗakin.”

“In je ina, ranki ya daɗe? Wa zai kawo wa mayya ɗinki?”

Shugaba ta shiga gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Inna ta koma gida da ƙafa, ba ta ma san ta wuce tashar mota ba. Ta tarar da maigidan ya jingina da filo yana jiran ta juya shi. Ta juya shi, ta shafa masa mai a baya, ta gaya masa komai tana kuka.

“Ke mayya?” in ji shi. “Da mayya ce ke, ai da kin cinye ni tun ina da nama.”

“Ba lokacin wasa ba ne, malam. Maganinka fa? Hayar ɗakin nan fa? Wa zai ɗauke ni aiki da wannan furfurar?”

Ya kalle ta. Can ya ce, “Sun ce rigar tana wari. Ke kin ji?”

“Ba ta wari.”

“Ban ce tana yi ba. Cewa na yi, ke kin ji?”

Ta tashi ta shiga kicin ta yi ta buga kwanuka.

Kashegari da aka tashi yara, ta roƙi maigadin makaranta ya buɗe mata ɗakin taro. Rigar tana rataye a ƙusa, ba mai son taɓa ta. Inna ta rufe tagogi kamar yadda ake yi lokacin gwaji, ta zura rigar, ta ja hular ta rufe kanta, ta hau dandamali ta tsaya a ƙarshen layin da babu kowa. Ta ce a ranta, in aljani ne ya zo ya same ni, mu yi ta ta ƙare.

Ba ta ji warin komai ba. Amma idanunta suka fara yaji suna zubar da ruwa. Maƙogwaronta ya bushe, wani ɗaci ya kwanta mata a harshe, ɗacin da ta sani tun tana yarinya, ranar da ta lasa abin da ke cikin kalmasar zanen uwarta ta sha duka. Kanta ya sara, kujeru suka fara tafiya. Ta kai hannu za ta cire hular, yatsunta suka faɗa kan ƙulle-ƙullen da ke cikin ninkin, jere reras tun daga goshi har ƙeya.

Ta zauna daɓas a bakin dandamali da hular a cinya. Maigadi ya leƙo ya ce, “Inna, lafiya?” Ta ce masa lafiya lau, ya tafi.

Yanzu ta san komai, kuma sanin bai sauƙaƙa mata ba. In ta yi shiru, ta tafi da sunan maita. In ta yi magana, ita ce da hannunta ta kwantar da 'ya'yan mutane uku, kuma sai ta faɗi a gaban jama'a abin da ta shekara biyu tana ɓoye wa har mijinta. Gaba kura, baya siyaki. Ta ɗauki rezarta ta sa a bakin ɗinkin. Tana iya farke shi yanzu, ta zubar da kafur ɗin a kwata, ta mayar da ɗinki, gobe ta sa rigar a gaban iyaye ta tsaya awa guda lafiya lau. Ba wanda zai sani. Sai ta tuna yarinyar da aka kai asibiti, wadda aka ce har yanzu ba ta yarda ta kwanta ita kaɗai, tana cewa Na Goma Sha Ɗaya yana biye da ita. Ta mayar da rezar cikin takardarta.

Ranar taron, ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Shugaba ta fara magana, ba wanda ya saurare ta. Inna ta miƙe daga baya da hular a hannu, mutane suka dare mata hanya fiye da yadda take bukata. Ta ɗora hular a kan teburin Shugaba ta tsaga ninkin da reza. Fararen ƙwayoyi suka zubo, suka gangara ƙasa, suka yi ta birgima ƙarƙashin kujeru. Na gaba suka toshe hanci suna tari.

“Ga aljanin,” in ji ta. “Kafur ne. Ni na sa, don asu. Hancina ya mutu tun bara waccan, na ɓoye don kada a ce na tsufa. Na yi ta zubawa ina jiran in ji, ban ji ba. Ku yafe mini.”

Uwar yarinyar da ta kwana asibiti ta miƙe tsaye.

“Wato don kada asu ya ci tsumma kika kusa kashe mini 'ya?”

“Haka ne, 'yata.”

“Da bakinki ma kike cewa haka ne!”

“To me zan ce? Haka ne. Sai dai ki gaya mata ba abin da yake bin ta. Ki kai mata wannan ta gani.” Ta durƙusa da ƙyar, ta tsinci guda ɗaya, ta miƙa mata.

Matar ta kalli hannun. Ta karɓa, ta ƙulle a bakin gyalenta, ba ta ce ta yafe ba.

An yi awa biyu ana ja-in-ja. A ƙarshe aka bar wa Inna ɗakinta da kekenta da gyaran kayan makaranta, amma aka ce ta cire makullin adaka ta ba Malam Zangarniya. Ta cire igiyar daga wuyanta a gaban kowa. Wurin ya yi fari, shekara ashirin da biyu rana ba ta taɓa shi ba.

An yi wasan a ƙarshen shekara, da sabuwar hula mai ninki ɗaya da manyan huji. Inna ba ta shiga kallo ba, tana ɗakinta tana jin tafi ta bango. Yara sun dawo da kawo gyara, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kuma har yau, duk abin da ta gama ɗinkawa sai ta leƙa taga ta kira maigadi, ta miƙa masa ta ce, “Ɗan'uwa, ara mini hancinka.”