Ranar Kotun Efraín

Shekara goma sha tara Efraín Quiroga Baeza yana tuƙa motar 'yan makaranta a kudancin Texas. Ɗan sanda ya ba shi takardar laifin gudu, ta narke a wanki cikin aljihun wando, bai san kotun da za shi ba balle ranar. In ranar kotu ta wuce bai je ba, lasisi da aiki na iya tafiya tare. Ƙananan kotuna uku ya zaga, ko'ina a ce babu Quiroga.

A ta huɗu magatakarda ta dube shi. "Baba, ku masu sunan gida biyu, na uba da na uwa! Sunan gidan mahaifiyarka fa?"

"Baeza."

"Ga ka nan, da shi aka rubuta ka. Jiya ne zamanka."

Efraín ya dafa kanta. "Alƙalin yana ciki, 'yata?"