Zanen Saƙin da Na Ja da Ƙarfi

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya kwashe mini daga ka, amma bargon wata tsohuwa 'yar Bungudu kam yana nan daram, kuma da shi zan shiga kabari. Wajen shekarar saba'in da biyar ne, ina saurayi ina ɗinki a shagon kawuna a Gusau. A lokacin ina ji da ƙarfi. Buhun gyaɗa ni kaɗai nake ɗaga shi, kuma ba na bari mutum ya wuce bai sani ba.

Kawu ba a riguna ya yi suna ba, a bargon auduga ne. Ya sa kafinta ya yi masa wani katako mai ƙafa huɗu da dogayen gora biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi kuwa yana kiransa gadon ɗinki. Yadin ƙasa ake fara kamawa a jikin gorar nan a naɗe, a shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a kai, a rufe da yadin sama, sannan a bi da allura layi-layi. Baki kawai ake kai wa keken ɗinki. Shekara biyu ina ɗinki a kan gadon nan, amma ɗora yadi Kawu bai taɓa bar mini ba, abin kuwa yana ci mini rai.

Wata safiya tsohuwar nan ta sauko daga motar Bungudu da ƙunshi a ka. Ta kwance, sai ga zanen saƙi fari da ratsin baƙi, irin wanda ake saƙawa siri-siri a haɗa. Ta ce 'yarta ce ta haihu jiya, ɗa namiji, haihuwar fari. Mijin ita tsohuwar masaƙi ne, ya rasu bara, wannan zane shi ne na ƙarshe da ya sauke daga masaƙa. So take a yi bargo da shi kafin suna, saƙin a ƙasa, atamfa a sama.

"Bai ga jikan ba," in ji ta, "to ko aikin hannunsa ya taɓa jikin yaron."

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Da azahar sai ga saƙon rasuwa daga Tsafe, dole ya tafi. Yana saka takalmi yana ce mini, "Kada ka taɓa zanen nan sai na dawo." Na ce to. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na ɗauko shi.

Ni a ganina Kawu tsufa ne ya sa yake barin yadi sako-sako. Na kama baki ɗaya, na koma ɗaya gorar na murɗa, na sa gwiwa na ƙara murɗawa, har saƙin ya yi tsam kamar fatar ganga. Na ɗan buga shi da yatsa na ji ya yi ƙara, daɗi ya kama ni. Na shimfiɗa auduga, na ɗora atamfa, na duƙufa. Kwana biyu na gama, layukan nan a miƙe, ban taɓa ɗinki mai kyau irinsa ba.

Ina kwance gorar, saƙin ya koma yadda Allah ya yi shi, ya janyo atamfar da audugar gaba ɗaya. Bargo ya tattare, gefunansa suka ɗago sama, ya zama wata ƙatuwar ƙwarya. Na danna nan, can ya tashi. Na sa dutsen guga, a banza. Har dutsen niƙa na aro a maƙwabta na ɗora masa, na kuma zauna a kai. A haka Kawu ya shigo ya same ni.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni ko ƙwai nake kwanci. Da ya ɗaga bargon ya juya ya ga yadda ratsin saƙin ya karkace, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Saura kwana huɗu suna. Kai ka ɓata, kai za ka kai mata."

Ban taɓa ganin hanyar Bungudu ta yi gajarta irin ta ranar ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na durƙusa na kwance ƙunshin, na faɗi gaskiya ban rage komai ba. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma kukanta nake tsoro, ba faɗa ba. Ta shafa saƙin ta daɗe, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, kokawa ka yi da shi?"

Na ce, "Inna, so na yi ya miƙe."

"Wanga ba yadin kanti ba ne. Saƙi rai gare shi, in ka ja shi zai bi ka, in ka sake shi ya koma gida. Shekara arba'in ina haɗa wa maigidana zane. Ɗauko reza."

Wuni guda muka yi a gindin bishiyar bedi muna warware ɗinkin da nake taƙama da shi, ita tana ba ni labarin mijinta, wai shi ma yana saurayi haka yake da gaggawa. Da muka raba saƙin ta yayyafa masa ruwa, ta shimfiɗa a inuwa, ta ce a bar shi ya huce.

Washegari ta biyo ni Gusau, ta zauna a kujerar Kawu tana ba da umarni, shi kuma yana tsaye yana murmushi. Ta sa na ninka zanen biyu na gano tsakiya, na daidaita da tsakiyar gora, na riƙa kamawa daga nan zuwa gefe, dama sannan hagu. Da na zo murɗawa ta sa hannu a ƙarƙashin zanen ta turo yatsa sama, ta ce in kama yatsan ta cikin yadin. In na kasa kamawa, to na ja da yawa. Sau uku tana sa ni sassautawa. Ni da Kawu muka haɗu a kan ɗinkin, ranar jajibirin suna muka kwance, bargo ya kwanta lumui.

Na je sunan. Bayan an watse ta sa aka kira ni ƙofar ɗaki, ta juya bargon saƙin yana sama, ta kwantar da jaririn a kai, ta ce masa, "To, ga kakanka." Na juya da sauri na fita, don kada a ga ƙaton da ke ɗaga buhu yana share ido.

Na yi shekara arba'in ina ɗora yadi bayan wannan, ban taɓa murɗa gora ban sa hannu a ƙasa na gwada ba. Abin da na koya a wurin tsohuwar nan shi ne, kafin ka gwada ƙarfinka a kan abin da aka ba ka amana, ka fara tambayar wanda ya san shi.